Harbi cikin tafiya a gasar IPSC: ina ƙafa, ina kafaɗa, ina hannu?

Ɗan Auta: Assalamu alaikum manyan zaure. A taimaka wa ƙaninku da bayani. A bidiyon gasar harbi ta IPSC, wato ƙungiyar duniya ta wasan harbin da ake haɗa saiti da sauri, za ka ga ɗan wasa yana tafiya a ɗan duƙe kamar mai sanɗar zabo, doguwar bindiga a kafaɗa, yana harbi bai tsaya ba. A gasar Olamfik kuwa mutum ya karkace ya kafe kamar turke, gwiwar hannu a kan ƙugu. Wacce ce tsayuwar gaskiya? Kuma yaya ake riƙon da saiti ba ya rawa alhali ana tafiya?

Malam Habu Saiti: Wa alaikumus salam ƙanina. Duka biyun daidai ne, aikin ne ya bambanta. Mai bindigar iska a Olamfik yana harbi daga mita 10, ɗigon maki goma faɗinsa rabin milimita ne, kuma yana da minti 75 ya yi harbi 60. Bindigar ba ta tokari, ba mai kora shi. Shi ya sa yake jera ƙashi a kan ƙashi: ƙugu ya turo gaba, gwiwar hannu ta zauna a kai, tsoka ta huta. Amma wannan ginin, ɗaga ƙafa ɗaya kawai ya isa ya rushe shi.

IPSC kuwa, wadda aka kafa a 1976 a garin Columbia na jihar Missouri a Amurka, makin da ka ci ake rabawa da daƙiƙoƙin da ka ɓata. Don haka tsayuwarta tsayuwar mai shirin motsi ce. Ƙirji yana fuskantar allon saiti kusan kai tsaye, ba a ba shi gefe. Ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, ta ɓangaren hannun da ke matsa kunamar bindiga ta ja baya kamar rabin taku. Gwiwoyi a sake, a ɗan lanƙwashe. Ka rusuna daga ƙugu, ba daga gadon baya ba, har hancinka ya zo saitin yatsun ƙafar gaba. Nauyi a kan tafin ƙafa na gaba. Wanda ya bar nauyinsa a diddige, harbi na biyu zai same shi ya fara jingina baya, na uku bakin bindiga ya haye saman allo.

Kuma a daina cewa saiti ba ya rawa. Yana rawa a hannun kowa, har zakarun duniya. Abin da ake nema shi ne rawar ta tsaya a cikin gurbin maki biyar da ke tsakiyar allo.

Hajiya Kulu: Malam Habu ya faɗi na sama, bari in sauko ƙasa, don a ƙafa ake cin wannan wasa. Ɗan Auta, dubi mai tallar nono da ƙwarya cike a ka. Kanta ba ya hawa ba ya sauka, daga ƙugu zuwa ƙasa ne ke aiki. Haka ake so. Ka rage tsawonka da kamar santimita 5 zuwa 10 ta hanyar lanƙwasa gwiwa, ka riƙe wannan tsawon har ƙarshen tafiyar. Taku gajere, kamar rabin wanda ka saba. Diddige ya fara sauka a hankali, ka mirgina tafin ƙafa har zuwa yatsu, kafin nan ɗaya diddigen ya riga ya taɓa ƙasa. Sawun biyu su matso kusa da layi ɗaya. In ka buɗe ƙafafu kana tafiyar agwagwa, nauyi zai riƙa komawa dama da hagu, jan ɗigon da ake saiti da shi a cikin madubin bindiga ya bi shi.

Daga yadda ɗigon ke rawa ma za ka gane inda matsalar take. In sama da ƙasa yake tsalle, gwiwarka ta miƙe ko kana buga diddige. In dama da hagu yake lilo, sawunka ya yi faɗi. In kuwa yana zana wani abu kamar lamba 8 a kwance, ƙarami, to ka kama hanya.

Komawa da baya akasin haka ne: yatsu su fara taɓa ƙasa, sannan diddige, kuma jiki yana nan a rusune gaba. Masu jingina baya yayin ja da baya su ne ke zubewa zaune da bindiga cike a hannu.

Ɗan Auta: Na gode Hajiya. To a wane lokaci ake matsa kunama? Na ji ana cewa sai ƙafa ɗaya tana sama.

Hajiya Kulu: Ana faɗa, kuma akwai ɗan gaskiya a ciki, don girgiza ta fi yawa a lokacin da diddige ya sauka. Amma in ka ce za ka riƙa ƙirga taku, hankalinka ya bar allo ya koma ƙafa, kuma za ka fizgi kunama don kada lokacin ya wuce ka. Fizga ita ke jefa harsashi ƙasa. Bar ido ya ba da izini: ɗigo ya shiga gurbi, yatsa ya matsa a miƙe zuwa baya.

Injiniya Rabi'u: Kafin a yi nisa, ni ina da ja a kan tushen maganar. Mutane na ganin harbi cikin tafiya ya fi burgewa sai su ɗauka ya fi riba. Sau da yawa asara ce. Ga lissafi.

A allon IPSC gurbin A maki 5 ne. Yawancin masu doguwar bindiga suna harba harsashi mai lamba .223, kuma a ƙa'idar gasar wannan harsashi yana ajin ƙaramin ƙarfi ne: ana ninka nauyin harsashi da gudunsa a raba da dubu, na girein 55 (girein ma'aunin nauyin harsashi ne) mai gudun ƙafa 3000 a daƙiƙa ya ba da 165, alhali ajin babban ƙarfi daga 320 yake farawa. A ƙaramin aji gurbin C da ke kewaye da A maki 3 ne, D na can gefe maki 1. Kuskure gaba ɗaya kuwa ka rasa biyar ɗin, a kuma ci ka tarar 10.

Ɗauki zango, wato sashe ɗaya na gasar, mai allo 8, harbi biyu-biyu, maki 80 ke nan. Wanda ya tsaya ya zuba duka a A cikin daƙiƙa 20 ya sami 4.0. Wanda ya yi harbi yana tafiya ya gama a daƙiƙa 18, amma huɗu suka faɗa C, makinsa 72, a raba da 18, shi ma 4.0. Ya sha wahala a banza. In ɗaya ya kuskure allo kuma, ko da sauran duka A ne, 65 a raba da 18, ya sauko 3.6.

Sai batun gudu. Tafiyar da Hajiya ta kwatanta ba ta wuce kamar mita ɗaya a daƙiƙa. Mita 10 daƙiƙa 10 ke nan. Mai ƙafa zai cinye wannan tazarar a guje cikin daƙiƙa 3 ko ƙasa da haka, ya tsaya ya yi harbinsa a natse.

Malam Habu Saiti: Injiniya, lissafinka ba shi da aibi, amma ka zaɓi misalin da ya fi yi maka daɗi. Ba wanda ya ce a yi tafiyar hawainiya mita 10 don allo biyu. Inda ribar take shi ne a shiga da fita. Taku biyu ko uku kafin ka iso wurin tsayawa, ka riga ka rage gudu, ka sauke jiki, bindiga ta hau kafaɗa, allon farko na bayyana harbi ya tashi. Haka wajen fita: allon ƙarshe in yana kusa kuma a buɗe yake, nauyinka ya riga ya fara barin wurin kafin harbi na biyu. Rabin daƙiƙa a nan, rabi a can, a zango mai wuraren tsayawa biyar ka ga an tara abin kirki. Sannan akwai zangon da aka jera alluna a gefen doguwar hanya, kowane taku uku sabo ya bayyana. A nan tsayawa sau shida ita ce asarar.

Injiniya Rabi'u: Wannan na yarda. Sai dai a sa masa iyaka da nisa. Karkacewar digiri ɗaya a mita 15 santimita 26 ce. A mita 100 ta zama mita ɗaya da santimita 75. Faɗin gurbin A santimita 15 ne kacal, allon duka 45. Wato mai tafiya da ɗigonsa ke lilon rabin digiri, a mita 15 yana cikin santimita 13, ya tsira da ƙyar. A mita 50 lilon ya kai santimita 44, faɗin allon gaba ɗaya. Faranta na ƙarfe kuwa ƙa'ida ta ce ba a harbinsu da doguwar bindiga ƙasa da mita 50 saboda tartsatsi, don haka su ba na tafiya ba ne sam. Tsaya, in da abin jingina ka jingina.

Alhaji Tanimu Alƙali: Kuna ta rabon maki, ba wanda ya ambaci abin da ke kai mutum gida tun kafin a ƙirga masa ko ɗaya. A ƙa'idar IPSC, in kana motsi fiye da taku ɗaya kuma ba allo kake saitawa ko harbi ba, dole a ga yatsanka a wajen zoben kunama. A gani, ba wai kai ka san yana waje ba. Miƙe shi a jikin bindiga, sama da zoben, inda alƙali zai hango daga baya. Makullin tsaro ma an so ya kasance a rufe in ana gudu, babban yatsa ya buɗe shi daidai lokacin da gindin bindiga ke hawa kafaɗa.

Na biyu, bakin bindiga. Ba ya wuce digiri 90 dama ko hagu daga tsakiyar tudun da ke tare harsasai, kuma wasu filayen suna rage wannan kusurwar. Ba ya kuma bi ta kan wani sashe na jikinka, ko ƙafa ko hannun da ka miƙa za ka buɗe ƙofa. Kowanne ka karya, kora ce daga gasar duka, ba ragin maki ba.

Inda aka fi faɗawa: na-dama yana gudu zuwa hagu. Yadda ya saba riƙe bindiga, bakinta na kallon hagunsa. Da ya juya ƙirji zuwa hagu don ya yi gudu, hagunsa ya zama baya, wurin da jama'a ke tsaye. Maganin shi ne ƙugu da ƙafafu su juya, bakin bindiga ya ci gaba da kallon tudu, ko da gudun zai ragu. Kada kuma ya canja gidan harsashi a wannan gudun, don karkata bindigar da ake yi wajen canji yana ƙara tura bakin hagu. Bahago ya juya maganar: nasa haɗarin yana wajen gudu zuwa dama.

Ɗan Auta: Ranka ya daɗe, to harbi fa ana tafiya a gicciye? Wane ɓangare ya fi sauƙi?

Alhaji Tanimu Alƙali: Na-dama in yana tafiya zuwa dama, alluna suna hagunsa, ƙugu na juyawa can ba wahala. In zuwa hagu yake tafiya, alluna suna damansa, jiki zai ƙi juyawa bayan ɗan kaɗan, gindin bindiga ya fara zamewa daga kafaɗa. A nan ko dai ya tsara hanyarsa ta yi ɗan ja da baya, ko ya tsaya. Abin da ba a so shi ne harɗe ƙafafu, ɗaya ta tsallake ɗaya.

Baba Sarkin Baka: Yara, ina saurarenku. Maharbin daji ba ya harbi yana tafiya. Sanɗa yake yi, ya tsaya, ya nutsu, sannan ya saki, don mai adaka harbi ɗaya gare shi, kafin ya sake ɗura gada ta kai wani gari. Amma takun da Hajiya ta faɗa shi ne takun sanɗa, gwiwa a sake, ƙafa na lalubar ƙasa kafin ta ɗauki nauyi. Kuma maganar Alhaji Tanimu tsohuwar doka ce a dawa: in ana tafiya a jere bakin bindiga ba ya kallon bayan na gaba. A ƙara da wannan, wanda ya yi tuntuɓe bakin bindigarsa ya caki laka ko yashi, kada ya harba sai ya sauke ya duba. Bututu a toshe fashewa yake yi, kuma hannun hagu ne ke kai.

Malam Habu Saiti: Allah ya ja kwana Baba. Haka yake ko a bindigar zamani.

Mu dawo riƙo, don shi ne rabin tambayar Ɗan Auta. Wuri huɗu jiki ke haɗuwa da bindiga: kafaɗa, kunci, hannun kunama, hannun gaba. In ɗaya ya canja wuri tsakanin taku da taku, saiti ya canja.

Gindin bindiga ba a bakin kafaɗa can waje yake zama ba. Ka shigo da shi ciki, kan tsokar ƙirji, ƙarƙashin ƙashin nan da ya taso daga wuya zuwa kafaɗa, kusan saitin idon da kake saiti da shi. Da haka tokari ke shiga tsakiyar jiki maimakon ya juya ka kamar ƙofa. Tunda ƙirji na fuskantar gaba, gindin mai zugewa sai an rage shi mataki ɗaya ko biyu, in ba haka ba hannun gaba ba zai kai inda ake so ba. Bindiga ce ke hawowa wurin ido, kai ba ya sauka neman ta. Wanda ya kwantar da kai gefe ya rikita ma'aunin daidaito da ke cikin kunne, tafiyarsa ta fara kaucewa layi. Ido biyu a buɗe, kallo a kan allo, ɗigon ya zama kamar baƙo da ya shigo cikin hoton.

Hannun kunama riƙon musabaha ne, gwiwar hannu a sauke kusa da haƙarƙari. In ka matse shi da ƙarfi, yatsan kunama ya sandare, sauran yatsun su riƙa motsi tare da shi. Hannun gaba shi ne direba. A miƙa shi gaba a kan mariƙi, gwiwar hannu da ɗan lanƙwasa, babban yatsa a sama ko a gefe yana nuna allo, yana jan bindigar zuwa kafaɗa da ƙarfi iri ɗaya daga farko har ƙarshe.

Hajiya Kulu: A nan zan saɓa da kai kaɗan, Malam. Wannan miƙa hannu har kusa da baki, babban yatsa a sama, ya zama yayi, kowa na kwaikwayo ba tare da duba tsawon hannunsa ba. Amfaninsa gaskiya ne: yana danne tashin baki, kuma in ka juyo daga allo zuwa allo bindigar na tsayawa inda ka ce, ba ta zarcewa. Amma bindiga mai kilo 4 da madubi a kai, hannu a miƙe sarai, kafaɗa za ta fara kakkarwa kafin a gama dogon zango. Kuma gwiwar hannu da ta miƙe ta kulle tana isar da girgizar kowane taku kai tsaye zuwa baki. Mai gajeren hannu ya dawo da riƙonsa tsakiyar mariƙi. Ma'auni mai sauƙi: ɗaga bindiga ka riƙe saiti na daƙiƙa 30. In ɗigo ya fara kakkarwa kafin lokacin ya cika, ja hannu baya faɗin tafi ɗaya.

Abin da ni ma ba na so shi ne kama gidan harsashi a matsayin mariƙi. Duk nauyin bututu ya rage a gaba ba mai riƙe shi, sai lilo.

Malam Habu Saiti: Ban ce a kulle gwiwar hannu ba ai, Hajiya. Amma gwajin daƙiƙa 30 ɗin nan ya yi.

Injiniya Rabi'u: Wani abu da ke cin masu harbin kusa, kuma harbin tafiya duk na kusa ne: a bindiga samfurin AR, irin doguwar bindigar da ake yawan gani a wannan gasa, madubin saiti yana sama da tsakiyar bututu da kamar santimita 6 da rabi zuwa 7. A mita 5 harsashi zai sauka kusan haka ƙasa da inda ɗigo yake. In an rufe ƙasan allo da allon tara, wanda taɓa shi ke jawo asarar maki 10, ka sa ɗigo a tsakiyar abin da ya rage, to ka huda na tarar. Sai ka ɗaga ɗigon kamar faɗin yatsu huɗu. Haka in ana harbi ta taga ko saman katanga: ido ya ga allo sarai, bututu kuwa katako yake kallo.

Mai Kula da Zaure: Tunatarwa ga 'yan uwa: wannan zance na wasanni ne a fili mai izini, ƙarƙashin alƙali. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta hana riƙe bindiga ba lasisi. Duk wanda ya kawo maganar saye ko sayarwa za a goge. A ci gaba.

Ɗan Auta: To wanda ba shi da fili ko bindiga, akwai abin da zai iya koya a gida?

Hajiya Kulu: Aikin ƙafa duka ba ya bukatar bindiga. Cika kofi da ruwa har baki, riƙe shi da hannu biyu a gaban fuska, yi taku 10 gaba, 10 baya, kada ya zube. In ya daina zubewa, ƙara sauri kaɗan. Bayan nan sami sanda mai tsawon kamar santimita 90, ɗaure ƙaramar tocila mai siririn haske a bakinta, manna takarda mai faɗin santimita 15 a bango, fara daga mita 7. Riƙe sandar kamar yadda Malam Habu ya kwatanta, ka yi tafiya kana kallon hasken. Minti 10 a rana ya fi awa biyu ranar Asabar, don cinya ce ke gajiya, kuma da ta gaji gwiwa ke miƙewa a koma tsohon hali. Sa wani ya ɗauke ka da waya daga gefe, saitin layin bulo na bango. In kanka na haye layin yana sauka, ba ka sauke jiki yadda kake zato ba.

Alhaji Tanimu Alƙali: Kuma ko da sanda ce, yatsa a miƙe a jikinta duk lokacin da ba saiti kake yi ba, bakinta kuma bango ɗaya yake kallo. Abin da hannu ya saba a tsakar gida shi zai yi in ƙararrawar farawa ta kaɗa. Ranar da aka je fili kuma, tabarau na kariya dole ne, toshen kunne kuma a haɗa biyu, na ciki da na sama. Ƙarar .223 ta haura desibel 150, balle mai ƙarfen rage tokari a baki, wanda ke watsa ƙarar gefe. Na sama ya zama siriri, don mai kauri yana bugun gindin bindiga ya ɗage daga kunne daidai lokacin da kunci ya kwanta.

Injiniya Rabi'u: Malam Habu, saura abu ɗaya ban gamsu ba. Ka ce a shigo da gindi ciki a kuma rage tsawonsa. Mai madubi mai kusanto da nesa fa? A gasar duniya ta doguwar bindiga, wadda aka fara a Rasha a 2017 aka sake a Suwidin a 2019, zango ɗaya kan haɗa allon mita 10 da farantin mita ɗari uku. In ya rage gindi don tafiya, da ya kwanta rub da ciki kansa zai matsa gaba, ido ya yi kusa da madubi, hoton ya yi duhu a gefe.

Malam Habu Saiti: Shi ya sa ake ɗaura madubin a kwance, ba a tsaye ba. Ka zaɓi tsawon gindi ɗaya, ka kwanta, ka murɗa madubi zuwa ƙarshen kusantowa inda tazarar ido ta fi tsauri, ka zuge shi gaba har hoton ya cika, sannan ka ɗaure. In ka miƙe ka mayar da shi kan ɗaya, inda ba ya kusanto da komai, tazarar na da sassauci, za ta ɗauki ɗan ja da bayan da kai ya yi. Yawanci sai an tura shi gaba fiye da yadda ake zato, har a bukaci maɗauri mai wuya da ya zarce gaba.

Hajiya Kulu: In kuma har yanzu yana duhu a kwance, ƙara wa gindin mataki ɗaya, ka dawo da hannun gaba baya kaɗan.